Kwaɗon Akwatin Mai Bishara

Ranar da aka binne maigidana, mai bisharar ƙauyenmu, tun masu gaisuwa ba su watse ba, dattijon ikkilisiyarmu ya yi sallama a bakin ɗakina ya ce a fito da kayan aikin Malam. Ban yi mamaki ba, don haka ake yi a wurinmu. Ikkilisiyarmu ƙarama ce, a wani ƙauye da ke kan hanyar Kiyeshe, ba mu cika benci goma ba ko da ranar Kirsimeti. Muna da akwatin ƙarfe guda, tsoho, wanda fentinsa ya zube. Idan mai bishara ya rasu, a ranar ake tattara littattafansa a zuba a ciki, a sa kwaɗo, a ajiye a ɗan ɗakin da ke bayan majami'a. Ba mai buɗewa sai an aiko da sabon mai bishara, sannan a buɗe a gaban jama'a a danƙa masa da addu'a.

Dokar tana da dalili. Wani mai bishara da aka yi tun ina yarinya, da ya rasu, danginsa suka kwashe littattafansa tare da gado. Bayan ƴan kwanaki aka ga ana ƙunshe ƙosai da shafukansu a kasuwa. Dattijon ya gani da idonsa, kuma bai manta ba. Shi ke rataye da makullin a wuya, a igiyar fata.

Na fito da littattafan, ba su da yawa. Na fito da kayen wa'azinsa na dā, wato littafin rubutun da yake shirya wa'azi a ciki. Sai dattijon ya dubi tabalet da ke kan tabarma, wanda mutanen garin ke kira allon Malam, ya ce:

"Mama, ki yi haƙuri. Allon ma kayan aiki na."

Na ce, "Baba, wanga ba takarda ba ta. Shina son sharji. In ya daɗe cikin zahi lalacewa za shi yi."

"Littattahan da ke cikin akwatin ga sun girme ki," in ji shi, "zahi bai taɓa yi musu komi ba."

Ya cire rawanin da ke kafaɗarsa ya naɗe allon da shi a hankali, kamar mai naɗe jariri. Ba da raini ya yi ba. Abokin maigidana ne na shekara da shekaru, shi ya shiga kabari ya karɓi gawar. Ni kuwa a ranar ba ni da ƙarfin gardama. Na bar shi ya tafi da shi.

Dole in faɗi abin da ke cikin allon nan, don a gane abin da aka kulle.

Malam ya samo shi ne a wani kwas na masu bishara da aka yi a Yamai. An ba su shi da ɗan kati a ciki, ƙarami kamar farcen yatsa, wanda ake kira memuwar. A kan katin akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohuwar fassara da sabuwa, da na Faransanci, da littattafan sharhi, da ƙamus, da taswirar ƙasashen da ake ambata. Ba ya bukatar rezo, wato sabis ɗin waya. Idan ka rubuta kalma ɗaya, sai ya jero maka duk inda ta fito, daga farkon Tsohon Alkawari har ƙarshen Sabo. Malam ya ce in a takarda ne, amalanke biyu ba za su ɗauke su ba. Muna yi masa sharji da ɗan fanon hasken rana da muke ɗorawa a kan rumfa.

Shekara ɗaya ya yi yana aiki da shi da kansa. Daga nan ciwon sukari ya taɓa masa ido. Da farko muna ƙara girman rubutun, har ya zama kalma huɗu ke cika allon. Daga baya ko wannan bai gani. Ni a aji shida na tsaya a lakkol, makarantar boko ke nan, ban sami satifika ba, amma ina karanta Hausa sarai, Faransanci kuma ina lallaɓawa. Sai na zama idonsa. Kowace Alhamis da Juma'a, in na gama aikin rana, mu zauna a inuwar rumfa. Ya ce, "Nemo mini inda anka yi maganar rijiya." In nemo. Ya ce, "Mi mai sharhi ya ce?" In karanta. Wani lokaci ya yi dariya ya ce, "Wanga bature bai taɓa jan guga ba. Rubuta abin da zan hwaɗa miki."

Akwai wurin rubutu a gefen kowace aya. Nan nake rubuta maganarsa da yatsa ɗaya. Shekara uku muna haka. Ya faɗi yadda za a yi magana da wanda ya fito daga gidan bori yana tsoron doguwar gidansu, ba tare da an zagi uwarsa da ke yi mata yanka ba. Shi kansa daga wajen Lugu iyayensa suka fito, inda bori ke da ƙarfi, ya san abin daga ciki. Ya faɗi abin da za a karanta wa matar da mijinta ya tafi ci-rani bai aiko ba. Ya faɗi ayoyin da ba a karanta wa mai makoki a kwana ukun farko, ko da gaskiya ne abin da ke cikinsu. Ba ya rubuta irin waɗannan a kaye, don a lokacin da ya fara tunaninsu idon ya riga ya tafi. A allon kaɗai suke. Jama'a suna ganinsa ran Lahadi yana wa'azi da ka, suna cewa Allah ya ba shi riƙo. Ba wanda ya tambayi wa ke karanta masa, ni ma ban faɗa ba.

Sanyi na fita ya rasu. Bazara na tafe, ɗakin bayan majami'a kuma rufin kwano ne, ba taga.

Bayan mako guda na je gidan dattijon. Mu Kirista ba mu da takaba a rubuce, amma a ƙauye kowa ya san matar da mijinta ya mutu ba ta yawo, sai majami'a sai gida. Na tafi duk da haka. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya ba ni allon rana ɗaya a mako in yi masa sharji in mayar, ko kuma shi da kansa ya kawo ya zauna har ya cika. Ya ce ba a buɗe akwati. Ya ce in aka buɗe domina yau, gobe ɗan'uwan wani zai zo da nasa dalili. Ya ce sun aika Dogon Dutsi, za a turo sabon mai bishara in ƴan makarantar Baibul sun gama, wataƙila bayan damina.

Na koma a makon bikin Tashi daga Matattu. A lokacin zafi ya kai inda kaji ke buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Na ce to a fito da akwatin daga ɗakin kwano a kai shi ɗakinsa na ciyawa, ko a rufe yake. Ya ce wurin akwati bayan majami'a ne, kada a ce ya kai kayan Allah gidansa. Ya ƙara da cewa, "Mama, baƙin ciki na sa mutum riƙe abin da ba nashi ba. Ki sake shi."

Na dawo gida. Taubashiyata, ƴar kawuna, ita ce shugabar zumuntar mata, ta same ni zaune ban ɗora tukunya ba.

Ta ce, "Ke wace irin gwauruwa ta? Mutane na kukan miji, ke kina kukan telebijin."

Na ce, "Mijin na san inda shike. Maganatai ta ke cikin tanda."

"To ki tahi ki kwanta bisa akwatin ki yi mishi inuwa, tunda ƙiba ba ta rage miki ba, ƙashi kaɗai."

Na yi dariya, karon farko tun rasuwar. Ta ɗora mini tukunyar da kanta. Da za ta tafi ta ce mata suna tambaya yaushe za a koma karatun Laraba, don tun da Malam ya kwanta waƙa kawai suke yi su watse. Ita ta san ni ke shirya karatun nan tun tuni, ta taɓa iske mu a rumfa.

Larabar da ta biyo na je zumunta. A ɗakin bayan majami'a muke ajiye tsintsiya da tulunan kiɗa, ƙyauren ba ya da makulli. Na shiga ɗaukar tsintsiya wajen azahar, na ɗora hannu a kan murfin akwatin. Sai da na janye. Da an fasa ƙwai a kai da ya soyu. Na tsaya ina jin zufa na bin bayana, ina lissafin makonnin da ya yi a ciki.

Ban shiga waƙa ba. Na wuce gida na ɗauki gatarin Malam, na biya ta ƙofar dattijon. Yana zaune a gindin bedi yana tufkar igiya. Ban durƙusa ba a wannan karon.

Na ce, "Baba, zan buɗe akwatin yanzu. In kana son kwaɗonka da rai, ba ni makulli."

Ya dubi gatarin, ya dube ni. Ya ce, "Ba ki yi."

"Na hwaɗa maka dai, kada a ce da sata na yi."

Mata suka bar waƙa suka taru a bakin ɗakin. Wata ta riƙe mini zane tana cewa in ji tsoron Allah. Taubashiyata ta ɓamɓare hannunta ta ce, "Sake ta, kada ta sare ƙahwarki, ba ta iya saiti ba." Kwaɗon tsoho ne amma ya yi gardama. Ban san sau nawa na buga ba. Da ya faɗi na ɗaga murfin da bakin zanena.

Littattafan suna nan lafiya, kamar yadda dattijon ya ce. Na warware rawanin. Allon ya kumbura ta baya kamar burodi, gilashin ya ɗago ya rabu da jikinsa ta gefe ɗaya, wani wari mai zaƙi-zaƙi na fita. Na danna maɓallin na riƙe. Bai kawo ba.

Dattijon ya iso da sandarsa, mata suka ba shi hanya. Ya daɗe yana kallon abin a hannuna. Sannan ya ce, "Dukan da kinka yi wa akwatin shi ya hwashe shi."

Na ce, "Gatari ba ya sa abu kumburi, Baba."

Na sa allon a cikin zanena na wuce ta gabansa.

Ran Juma'a, ranar kasuwa, ni da taubashiyata muka shiga mota zuwa Dogon Dutsi. Na ji abin da aka ce a bayana, cewa ƙasar kabarin ba ta kwanta ba matar Malam ta fara cin kasuwa. Akwai wani mai gyaran salula kusa da tasha, dattijo mai furfura a gemu da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Musulmi ne. Malam ya taɓa kai masa allon sau ɗaya da bakin sharjin ya lalace, da na miƙa masa kuwa ya gane shi.

Ya juya shi ya ce, "Subhanallahi. Hajiya, wa ya dahwa wanga?"

Na ce, "Ni ba Hajiya ba ta. Matar mai shi ta. Ya rasu."

Ya ajiye allon, ya cire tabarau, ya yi mini gaisuwa yadda ya kamata, ya ce mutumin kirki ne, ba ya ciniki da faɗa. Sannan ya tambayi inda aka ajiye shi. Taubashiyata ta ba shi labari, har da gatari. Ya ce, "Da ni ne da tun sati na biyu na sare shi."

Ya zare katin da ɗan hantsaki ya sa a odinatarsa, wato kwamfutarsa. Littattafan suka fito, duka, a jere. Taubashiyata ta buga guɗa a tsakiyar kasuwa har masu lemu suka waiwayo. Ni na ce masa ya duba rubutun da ke gefen ayoyi.

Ya duba. Ya sake dubawa ta wani wuri. Ya ce, "Madam, littattahai ke bisa kati. Abin da anka rubuta da hannu cikin injin shike zama."

Na ce to ya tada injin.

Ya cire batirin da ya kumbura ya jefa a bokitin yashi. Ya jona wani. Ya goge cikin da ɗan buroshi, ya hura, ya gwada da wayoyi biyu masu tsini. Ya bar masu jiran gyara suna ta ƙorafi, ya tafi masallaci ya dawo ya ci gaba. Da la'asar ya tura mini allon a kan tebur da hannu biyu. Ya ce ruwan batirin ya zubo ya cinye inda ake ajiya. Ya ce ko Yamai aka kai ba mai tada shi. Ban tambaye shi ko da an kawo da wuri zai tashi ba. Shi ya faɗa da kansa, ya ce wata guda da ya wuce batiri kawai za a sake.

Na roƙi ruwa aka ba ni. Na zauna a bencinsa na sha. Taubashiyata ba ta yi wasa ba ko ɗaya a wannan zaman.

Kafin mu tashi na ce ya zuba littattafan a salulata, ya kuma yi mini wani katin. Tun a Yamai an gaya wa Malam cewa kyauta ne, duk mai so a kwafa masa. Na sayi sabon kwaɗo a rumfar da ke kusa.

Ran Lahadi bayan sujada dattawa uku suka zauna, aka kira ni. Na ɗora kwaɗon da makullansa biyu a kan tebur, da mataccen allon, da katin asali a ƙunshe cikin takarda. Na ce ga kayan akwati, littattafan sabon mai bishara suna kan katin, ba abin da ya ɓace masa. Dattijon ya ce ba maganar kaya ba ce. Na karya dokar ikkilisiya a gaban mata, bayan an hana ni. Za a sa ni horo: in koma bencin baya, ba ni cin Jibin Ubangiji, ba ni koyarwa a majami'a, har ranar da zan miƙe a gaban jama'a in ce na yi kuskure.

Na ce, "Na yi kuskure, Baba, amma ba wanda kake so in hwaɗa ba. Na jira. Na zo gidanka na durƙusa sau biyu, ina sane da abin da zahi ke yi. Wanga kuskuren in kuna so in miƙe in hwaɗe shi yanzu."

Ɗaya daga cikinsu ya ce in iya bakina. Na koma bencin baya.

Na sayi kaye mai ɗauri na fara rubuta abin da na tuna. Ina buɗe aya a salula, in karanta da ƙarfi yadda nake karanta masa, in jira. Wani lokaci maganarsa takan dawo ɗaya bayan ɗaya, har da inda yake tari. Sau da yawa kuma na san ya faɗi wani abu a nan, na tuna ranar, na tuna rigar da ke jikinsa, amma maganar ba ta zuwa. Irin wannan wurin nakan rubuta lambar ayar in bar layi uku babu komai. Ba na cike masa da tawa. Layukan da ba komai sun fi masu rubutu yawa.

An hana ni koyarwa a majami'a, ba a ce komai a kan rumfata ba. Ran Laraba mata sukan yi waƙarsu can, su biyo nan da tabarminsu. Baƙaƙen salula ƙanana ne, idona na ruwa, amma muna yi. Masu salular da ke ɗaukar kati na kwafa musu.

Da aka yi ruwan shuka, wata Juma'a da hantsi, dattijon ya yi sallama. Sabon mai bishara bai zo ba har lokacin, shi ke tsayawa gaban jama'a kowace Lahadi, kuma kowa ya san wuri uku kacal na Littafi Mai Tsarki yake juyawa. Na shimfiɗa masa tabarma na kawo ruwa. Ya yi maganar shuka, ya yi maganar ƙafarsa. Daga baya ya ce:

"Mama, kalma ukku ta. Ki miƙe ki hwaɗa, ki zamna. Ba ni iya ɗage horon in ba ki hwaɗa ba, mi zan ce ma sauran? Kina tsammani ina jin daɗin ganin matar abokina can baya wurin takalma?"

Na ce, "Na san ba ka jin daɗi."

"To?"

"Ba ni hwaɗa, Baba. In na ce kuskure na, wata rana za a sake kulle wani cikin akwatin ga, a ce ai ko matar Malam ta yarda."

Ya sha ruwan. Ya ce shi ma yana kewarsa, ba ni kaɗai na yi rashi ba. Na ce haka ne. Da ya kama sanda zai tashi, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, yana so ya yi wa jama'a magana a kan shuka jibi, ko abin nan nawa zai iya nuna inda aka ambace ta. Na rubuta kalmar, wuraren suka jeru. Na karanta masa ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi biyu, na rubuta masa lambobin da manyan baƙaƙe a takarda. A ɗaya daga cikinsu Malam ya taɓa faɗin wani abu a kan irin gero da ake ɓoyewa a rumbu ko yunwa ta kai ina, na kuma tuna shi. Na karanta masa daga kayen. Ya ce in sake. Na sake.

Lahadin nan ta Jibin Ubangiji ce. Dattijon ya yi wa'azinsa, bai ambaci inda ya samo ba, ban kuma sa rai zai ambata ba. Da aka zo zagayawa da gurasa, mai ɗauke da faranti ya bi benci benci har ya iso na baya. Ya tsaya a gabana, ya waiwaya ya dubi dattijon. Dattijon yana kallon littafinsa. Mai farantin ya wuce. Na gyara zamana, hannuwana a kan cinya, ban sunkuyar da kai ba.